MU KOYA WA 'YA'YANMU FARANSANCI TUN SUNA FIRAMARE

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, ɗan kasuwa a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, ya gabatar a madadin kwamitin ilmi a wajen taron iyayen yara. Mun buga shi kamar yadda aka gabatar domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan gaisuwa da ban-gajiya, mun san yau akwai waɗanda suka bar dabbobinsu a hannun yara suka zo nan, saboda haka ba za mu yi dogon kewaye ba. Kwamitin ilmi ya ɗora mana nauyin kawo muku shawara guda, wato mu buɗe ajin koyar da Faransanci ga 'ya'yanmu 'yan firamare, maza da mata, a cikin makarantarmu ta Islamiyya. Tun kafin mu zo mun ji ana ta ƙus-ƙus a rumfuna, wasu na cewa Turancin Ingilishi ma bai zauna ba, ina kuma ga na Faransa? Wasu kuma na cewa me ya haɗa Islamiyya da harshen Nasara? To, ku ba mu aron kunnuwanku, in mun gama sai ku yanke hukunci.

Bari mu fara da abin da ya same mu, domin wanda ya ji zafi shi ya fi iya ba da labarin wuta. Shekarun baya, ana saura mako uku Babbar Sallah, mu huɗu muka haɗa jari muka tsallaka iyaka muka sayo shanu talatin da takwas. Kamar yadda aka saba, muka ɗauki wani ɗan kamasho ya yi mana takardu, na lafiyar dabbobi da na izinin wucewa. Ya ce mu kawo sefa dubu ɗari, muka ƙirga muka ba shi, ya miƙo mana takardu da hatimi ja-wur a kai, muka linke muka sa aljihu. A cikinmu akwai mahaddacin Alƙur'ani, akwai wanda ya yi sakandare, amma babu wanda ya iya karanta ko layi guda na abin da ke aljihunmu.

A wani shinge aka tsayar da mu, aka ce takarda ba ta yi ba. Kwana huɗu muka yi a wurin, ga rana, ga ƙarancin ruwa, ga harawa da tsada. Shanu biyu suka faɗi muka yanka muka sayar a wulaƙance, sauran suka rame, tirelar da muka yi alkawari da ita a Maiduguri ta yi lodi ta tafi Legas ta bar mu. A rana ta uku wani yaro mai tallar ruwa, wanda bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, ya ga muna ta juya takarda, ya ce mu ba shi ya gani. Nan take ya karanta, ya fassara mana da Larabcin Shuwa. Ashe wa'adin takardar ya ƙare tun kafin mu taso, sannan kuɗin da aka rubuta a rasit da kalmomi sefa dubu ashirin ne. Da muka koma muka tsare ɗan kamashon, sai ya ce ai ashirin ɗin ke nan, da riyal ya yi mana lissafi.

Waɗanda ke shiga Chadi sun gane wayon. A baki, can da riyal ake ciniki, kuma riyal ɗaya sefa biyar ne, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ƙirga da dala, dala ɗaya sefa biyar. Amma takarda ba ta san riyal ba, ba ta san dala ba, sefa tsantsa take rubutawa. Tsakanin baki da takarda akwai ninki biyar, kuma a nan ne aka yanke mu. Ba mu kama sunan kowa ba, mun yafe, kuma mun san laifin ba na mutum ɗaya ba ne, har da namu. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yaron nan. Dattawa huɗu da gemu, da jarin miliyoyi, yaro mai tallar ruwa ne ya buɗe mana ido, don kawai ya yi aji huɗu ko biyar a lakwal.

Jama'a, mu dubi inda Allah Ya zaunar da mu. Jihar Barno ta yi iyaka da ƙasashe uku, Nijar da Chadi da Kamaru, kuma duk ukun da Faransanci ake rubuta takardun hukuma a cikinsu. In aka haɗa da Jamhuriyar Benin a can yamma, duk maƙwabtan Nijeriya na ƙasa haka suke. Daga nan zuwa Gamborun Ngala kimanin kilomita 140 ne, ka haye gadar kogin El-Beid ka shiga Fotokol, ka miƙe zuwa Kusiri, ka sake haye gada sai ga ka a Njamena. Wato babban birnin Chadi ya fi kusa da mu a kan Kano, garin da yawancinmu muke kira gida. Ta Damasak kuma ga Difa nan, ta Banki ga Marwa. Shanun da ke cika wannan kasuwa tamu, nawa ne daga cikinsu aka haifa a wannan ɓangare na iyaka? Kowa ya san amsa.

Wannan rabuwa ba da shawarar kakanninmu aka yi ta ba. Bayan an kashe Rabe a Kusiri a shekarar 1900, Turawan Ingila da na Faransa da na Jamus suka raba daular Barno a tsakaninsu. A 1907 aka kafa Yerwa, Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinta, fatake da mahauta da malamai daga ƙasar Hausa suka yi ta zuwa, har ga unguwar Hausari nan tana ba da shaida. Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964 kuwa, sai harkar dabbobi ta ƙara buɗewa zuwa kudu. Iyayenmu sun ci wannan kasuwa da harshe. Sun ji Barbarci, sun ji Larabcin Shuwa, da yawansu sun ji Fulatanci, kuma a lokacinsu magana da shaidu biyu sun isa ciniki. Yau kuwa kowace gaɓa ta hanya takarda ce: ta duwan, ta likitan dabbobi, ta jandarma, ta banki, ta kotu in rigima ta taso.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da da ɗaci. Mu Hausawa Allah Ya yi mana gata, duk inda muka shiga a Maiduguri an iya harshenmu, kuma wannan gata ya sa mana kasala. Akwai waɗanda aka haifa a Gwange ko Bulabulin, suka yi aure suka haifu, amma ban da wushe ba su san komai a Barbarci ba. Wannan abin kunya ne ga baƙon da aka karɓa hannu bibbiyu, kuma muna roƙon iyaye su bar yara su yi cuɗanya da 'ya'yan masu masaukinmu su ji harshensu. Sai dai Barbarci da Larabcin Shuwa yaro na iya tsintarsu a unguwa da kasuwa. Faransanci kuwa ba a jin sa a layinmu, sai an zaunar da yaro an koya masa.

Gwamnati ma ta san da wannan tun da daɗewa. A ƙarshen shekarar 1996 marigayi Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka kuma shigar da shi cikin manufar ilmi ta ƙasa ta 1998. Manufar 2004 ta ce a riƙa koyar da shi daga aji huɗu na firamare. Kafin nan, a 1991 an kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas, a 1992 kuma aka kafa na Larabci a Ngala, nan jiharmu. Niyya mai kyau ce. To amma ku koma gida yau ku tambayi ɗanku ɗan aji biyar ya ƙirga muku ɗaya zuwa goma da Faransanci. Mun gwada a gidajenmu, mun sha dariya. Ba mu zargi malamai ba, malamin da aka ba yara sama da yadda aji zai ɗauka, kuma shi kansa ba a koya masa harshen ba, me zai koyar?

A wasu ƙasashe maƙwabtaka ce ke zaɓa wa yara harshen da za su koya. A Amurka, harshen waje da aka fi koyarwa a makarantu shi ne Sifaniyanci, domin ga Meziko nan a jikinsu, ga kuma miliyoyin masu jin harshen a cikin garuruwansu. Ba ƙaunar mutanen Sifen ce ta sa su ba, lissafi suka yi. Mu ma lissafin za mu yi, kuma ai lissafi sana'armu ce.

Yanzu bari mu ɗauki maganganun da muka ji a rumfuna ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, batun addini. Mu nan Islamiyya muka yi, kuma abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit, yana matashi, ya koyi rubutun Yahudawa, domin kada wani ya riƙa karanta masa wasiƙa yana ƙari ko ragi. Zaidu ya koya cikin kamar rabin wata, ya zama shi ke karantawa shi ke rubuta amsa. Wannan Zaidun ne kuma daga baya Sayyadina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Ashe koyon harshen wasu bai rage masa komai ba. Haka nan malaman tarihi sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sa kowannensu ya koya wa yaran Madina goma. A cikin Suratur Rum kuma Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu cikin ayoyinSa. Malamanmu na zaune a nan, in mun yi kuskure su gyara mana. Kuma dalilin da ya sa muka ce a yi ajin a cikin Islamiyya ke nan, a gaban idon malamanmu, su ga littafin da ake karantawa, su san wanda ke koyarwa.

Na biyu, masu cewa ai ana korar Faransa daga ko'ina, me za mu yi da harshenta? Gaskiya ne sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, sun kuma bar Chadi a farkon 2025. Gaskiya ne kuma a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta ran kowane Bahaushe. Amma a cikin wannan dokar dai an bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A Chadi harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, a Kamaru Faransanci da Ingilishi. Soja ya kwashe kayansa ya tafi, amma ma'aikacin da ke zaune a kan teburin iyaka da harshen da ya yi karatu yake rubutu. Ba don mutumin Faris za mu koya ba, don mutumin Kusiri da Difa da Njamena ne, maƙwabtanmu, abokan cinikinmu, wasu ma surukanmu.

Na uku, matasanmu sun ce ai waya na fassara. To, madalla da waya, mu ma muna amfani da ita. Amma wanda ya taɓa tsayawa a shinge a dokar daji, babu sabis, caji ya ƙare, ga takarda da rubutun hannu kamar tafiyar tururuwa, ya san iyakar waya. Kuma ko ta fassara maka, in ta yi kuskure da me za ka gane?

Na huɗu, masu cewa kayan zai yi wa yara yawa, ga allo, ga boko, ga Larabci, ga Turanci. Wannan magana ce ta masu tausayi, kuma mun tattauna ta sosai. Amma ku dubi yaran da ke kora mana dabbobi a cikin kasuwar nan. Ɗan shekara tara zai yi maka Hausa, ya juya ya yi Barbarci, ya yi wa Bashuwa ciniki da harshensa, ya tsokani Bafulatani da Fulatanci, babu wanda ya ba shi littafi. Mu kuwa da muka haura hamsin, shekara nawa muna tsallaka iyaka, har yau bonjur da marsi kawai muka riƙe. Harshen babba ya riga ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa muka ce firamare, ba mu ce a jira jami'a ba. Ba ma neman yaro ya zama farfesa, muna so ne ya ji, ya amsa, ya ƙirga, ya karanta rasit da takardar magani.

Ga yadda muka tsara, in kun amince.

Lokaci: ranakun Alhamis da Juma'a bayan sallar La'asar, tunda dama ranakun hutun Islamiyya ne. Minti arba'in kacal kowace rana. Ba za a taɓa lokacin Alƙur'ani ko na boko ba.

Ɗalibai: daga shekara bakwai zuwa goma sha biyu, kada aji ya wuce yara talatin. Muna jaddada cewa har da 'ya'ya mata. Iyayenmu mata da ke sayen atamfa da turare da kayan ƙamshi daga hayi sun san yadda ake yi musu, kuma yarinyar da ta koya, gobe ita za ta koya wa 'ya'yanta a ɗaki.

Malamai: ba sai mun je Badagiri ba. A cikin gidajenmu akwai matan da aka auro daga Damagaram da Difa waɗanda suka yi lakwal har suka gama. Akwai 'yan'uwanmu da fitinar shekarun nan ta kora zuwa hayi, suka yi shekaru can suka dawo da harshen a bakinsu. Akwai ɗaliban Chadi da Kamaru da Nijar da ke karatu a Jami'ar Maiduguri, waɗanda ɗan alawus zai taimake su. Kwamiti da malamanmu za su tantance hali da addini da iyawa kafin a ɗauki kowa. Abu guda dai, a Nijar malamin lakwal mushe ake ce masa, daga kalmar Faransanci ta girmamawa. Muna roƙon 'yan'uwanmu mahauta kada su ji an ce an kawo mushe Islamiyya su taso da wuƙaƙe!

Yadda za a koyar: shekarar farko kunne da baki kawai. Gaisuwa, sunayen dabbobi, launuka, ranakun mako, sassan jiki, da ƙidaya. Ƙidayar nan a ba ta ƙarfi, domin ta Faransanci tana da tarko. Saba'in a wurinsu sittin da goma ne, tamanin ashirin huɗu ne, casa'in kuwa ashirin huɗu da goma. Wanda bai saba ba, ya ji ashirin a ciki sai ya ɗauka ashirin ake nufi. A rubuce kuma, inda mu muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa. A riƙa yi wa yara wasan kasuwa, wannan mai saniya, wannan dillali, wannan mai saye, su yi ciniki da sefa su mayar da shi naira. A nuna musu cewa sefa iri biyu ce, ta Nijar daban, ta Chadi da Kamaru daban, ko da yake darajarsu ɗaya. A kuma fara musu da kalmomin da suka riga suka shigo bakinmu, irin su jandarma da duwan da kamyo da bik, su ga ashe ba baƙo ba ne sosai. Shekara ta biyu sai a shiga karatu da rubutu, kuma littafin farko shi ne tsofaffin takardun da ke cikin akwatunanmu. Kowa ya kawo tsohon rasit da takardar wucewa da kwalin magani, a rufe suna, yara su koyi karatu a kansu. Ban da bulala. Yaron da ya ji tsoro ba ya buɗe baki, wanda bai buɗe baki ba kuwa ba ya koyon harshe.

Kuɗi: mun san halin da ake ciki. Shekarun rufe hanya sun cinye jarin da yawa daga cikinmu, an rufe iyaka a 2019, sannan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 ta zo ta shafe abin da ya saura a gidaje da shaguna masu yawa. Shi ya sa ba mu ce a yanka wa iyaye kuɗin makaranta ba. Shawararmu ita ce naira ɗari biyu daga la'adar kowane sa da ɗan ƙungiya ya sayar, a zuba a asusu na daban, mutum uku su sa hannu, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira su shiga kyauta, haka ma 'ya'yan maƙwabtanmu Barebari da Shuwa da duk wanda ya kawo ɗansa, kada a tambayi ƙabilarsa. Kuɗin shanu biyun da muka yi asara a shingen nan kaɗai da ya riƙe malami tsawon lokaci.

Kuma kada mu taƙaita tunaninmu a kan shanu. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 hedkwatarta na Njamena, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin ma can take. Ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan suna aiki a duk ɓangarorin iyaka. Marasa lafiya daga Chadi da Kamaru na zuwa asibitocin Maiduguri suna neman mai yi musu tafinta. Yaron da ya haɗa Hausa da Larabci da Ingilishi da Faransanci, ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi, ko ya gaji sana'armu ko bai gada ba.

A ƙarshe, ga abin da muke roƙo a yau kafin a watse. Duk mai ɗa ko 'ya a wannan shekaru ya tsaya wajen sakatare ya rubuta suna. Duk wanda ya san mai iya koyarwa, ko a cikin gidansa ne, ya sanar da kwamiti, kuma muna roƙon mazaje su ba matansu izini. Shugabannin dillalai kuma su zauna a cikin makon nan su ba mu amsa a kan batun la'ada. In Allah Ya yarda, bayan shekara guda za mu sake taruwa a nan, mu ɗauko ainihin takardar nan da ta kwanar da mu huɗu a daji, domin har yau tana nan mun adana, mu miƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'yanku ya karanta mana a gaban kowa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ja zamanin Mai Martaba Shehun Barno, Ya dawwamar da zaman lafiya a Jihar Barno da Nijeriya da maƙwabtanmu baki ɗaya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.